Gwauron Gauraka

A shekarar da zan ba da labarinta, gauraka ya shekara tara a gidan babana, Baba kuma ya shekara shida ba shi da mata. Mutanen Dakoro ba sa barin irin wannan ya wuce a banza. In ya fito zai tafi masallaci tsuntsun na biye da shi, sai masu zaman bakin hanya su haɗa su gaisuwa ɗaya, su ce sannunku gwauraye. Baba ya amsa, gauraka ya wuce da tuntunsa a sama. Ni ce dai abin ke ci wa rai, don ni kaɗai aka haifa da zuciya a gidanmu, sauran duk haƙuri aka raba musu.

Sunan mahaifiyar Baba aka sa mini, shi ya sa bai taɓa kiran sunana ba, sai dai ya ce Uwata. Wanda kuwa ya mai da ke uwarsa ya ba ki izinin yi masa faɗa. Na yi aiki da izinin nan fiye da yadda ya kamata.

Baba manomi ne, amma a ƙuruciyarsa yana da wata sana'a ta ƙarshen damina. Yakan shiga ciyawar tabkin da ke gefen gonarmu ya kamo ƴaƴan gauraki tun ba su iya tashi ba. Fataken da ke kai hatsi Maraɗi su saya, su wuce da su kudu, gidajen masu hali, inda ake son baƙo ya shigo ya ga gauraka na taku a tsakar gida. Ya ce a wancan zamani in suka sauka a tabkin, ba ka ganin ruwa sai kawuna. Ba shi kaɗai ke kamun ba. Kowa na ɗiba, kuma ba wanda ya taɓa kawowa a ransa cewa abin da ke zuwa daga sama yana ƙarewa. Ni da na yi wayo, da yatsu ake ƙirga su.

Namu ba kamo shi aka yi ba, a ƙwai ya zo. Wata damina Baba ya tarar da sheƙa shanu sun bi ta kai, saura ƙwai guda, ya sako shi a hula ya kawo wa Inna, mahaifiyata. Ƙwan gauraka sai ya kai wata kafin ya fashe, ba irin na kaza ba ne. Inna ta san haka, sai ta zaɓi wata tsohuwar jar kaza da ta saba kwanci a kan ƙwan zabi, ta iya jira. Ƙwan ya fi ƙarfin kazar, ba ta iya juya shi, Inna ce ke sa hannu safe da yamma ta juya mata, kazar na saran ta. Ranar da ya fito, duk ƙafafu ne da wuya. Kazar ta dube shi, ta dubi Inna, ta karɓi ƙaddara.

Kafin wata biyu ya ninka uwar tasa tsawo, amma in shaho ya gifta sai ya ruga ya cusa kansa ƙarƙashin fiffikenta, sauran jikin duk a waje. Da magariba kaji su shiga akurki, shi ma ya zo ya sa kai, ya tsaya a haka har a zo a janye shi. Da ya yi tuntu, kumatunsa suka yi fari da ja, wani farke ya zo taya shi. Inna ta ce abin da ta yi wata guda tana juyawa da hannunta ba ya shiga kwandon kowa. Daga ranar Baba bai sake kamu ba. Ko maganar Inna ce ta hana shi, ko kuwa babu sauran abin kamawa, bai faɗa ba.

Gauraka na shekara biyu ciwon kaji ya shigo gari ya share akurkin Inna, har da jar kazar. Shi ma ya kwanta kwana uku, ya saki fukafukai, ba ci ba sha. Inna ta ɗura masa ruwan barkono da kanwa. Rana ta huɗu ya miƙe ya je ya ci tsaki. Inna ta ce barkononta ne, ba wanda ya yi mata musu. Ta sake tara wasu kajin, ya ci gaba da bin su kamar ba a yi komai ba.

Shekara guda bayan haka Inna ta rasu. Har yau ina kewarta, kuma na tsufa fiye da yadda ta samu ta tsufa.

Da aka yi arba'in aka fara kawo wa Baba zancen aure. Wannan ya ce akwai bazawara a ƙauyen Mai Yara, wancan ya ce ƙanwar matarsa ta gama idda. Baba ya saurare su duka, ya ce su yi haƙuri, yana da gwauro a gabansa, sai ya aurar da shi tukuna. Aka yi dariya, aka ɗauka wasa yake yi. Ni da na san shi na san ba wasa ba ne. Wata rana ina share masa ɗaki ya gaya mini, yana kallon wani wajen, cewa duk waɗanda ya kama sun tafi inda ba zai iya maido su ba. Wannan ɗaya ne ya rage a hannunsa, kuma yana so ya ga ya koma cikin danginsa kafin ƙasa ta rufe masa ido. Iyakar abin da yake nema ke nan, bai kuma sake faɗa ba.

To, sai dai shi angon bai san shi gauraka ba ne. Kowace damina Baba ya sa shi gaba su tafi tabki. Na dajin su ɗaga kai su dube shi, shi kuma ya koma bayan Baba ya laɓe. In an dawo gida ya ruga wajen kaji kamar wanda ya tsira daga hannun gardi. Na ce wa Baba ya haƙura, wannan kaza ce da dogayen ƙafafu. Ya ce in saurara da asuba in ji. Gaskiya ne kuwa, da asuba ba cara yake yi ba. Wani kuka yake yi mai kauri, kamar an busa ƙahon da ya tsage, wanda ba wanda ya koya masa. Baba ya ce kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi, tunda bakin ya sani, sauran jikin ma zai tuna. Na ce Allah ya sa, na ɗauki ƙwaryata na tafi.

A cikin shekarun nan ne aka ce mun sami mulkin kai. An sauke tuta an ɗaga wata a bariki, ƴan lakkol, wato ƴan makaranta, sun yi waƙa, kumandan mai mulkin yankin ya zama baƙar fata mai jin Hausa. Rijiyarmu dai zurfinta bai ragu ba, ciwon kaji kuma bai ji labari ba. Ni lokacin ina gidan mijina a wata unguwa. Shi fataucin hatsi yake yi, rabin shekara yana bisa kamiyo, babbar motar kaya. Ina da kaji goma sha huɗu, nawa na kaina. Ga mace a wancan lokaci kaza ita ce fitar kunya, in an yi baƙo, in an yi haihuwa, in mai jego na son romo. Ina ji da su ƙwarai, ba zan ɓoye ba.

Daminar shekarar da nake ba da labarinta gauraki biyar suka sauka a tabki. Huɗu bibbiyu suke tafiya, ɗaya tana tsayawa ita kaɗai a gefe. Baba ya yi kwana biyu yana kallon ta, ya dawo ya ce mace ce, kuma mijinta ya mutu. Na tambaye shi ko ita ta gaya masa. Ya ce shi ma ba wanda yake gaya wa, amma ana gani.

Da aka gama girbi bai dawo gari ba. Ya gyara bukkar gona ya tare can da gaurakan, ya ce wannan karon ba za a riƙa dawowa gida da yamma ba, don kajin gida ne ke ɓata masa aiki. Kajin Inna da suka rage ya raba wa maƙwabta, akurkin ya zama kango. Kowace safiya ya watsa gero a bakin ruwa ya koma nesa ya zauna. Ni ke kai masa fura, in fita da sassafe in isa kafin hantsi ya yi zafi. Kullum da labarin da zan tarar. Yau sun ci a wuri ɗaya. Yau ta yi kuka ya amsa, sannan ya tsorata da muryarsa. Wata rana na iso na tarar da Baba tsaye, ya ɗaga mini hannu kada in yi motsi. Can bakin ruwa namu ne ya buɗe fukafukai, ya duƙa, ya yi tsalle, ya tsinko ciyawa ya jefa sama. Bai iya ba, sau biyu yana neman faɗuwa. Ita dai tana tsaye tana kallo, ba ta tafi ba. Baba ya ce nan da ruwa ya janye za su tashi, in Allah ya yarda da shi za su tashi. Sannan ya karɓi furar.

Ana cikin haka ciwon ya shigo gari. Ranar kasuwa wata maƙwabciyata ta ga ƙaton zakara da araha ta saya. Duk mun san in ciwo ya shiga wani ƙauye, kasuwa ake rugowa da kaji kafin su faɗi. Kowa ya sani, kowa kuma in ta zo kansa haka yake yi. Kwana huɗu zakaran ya mutu, kajinta suka bi. Ciwon ba ya ɓuya. Kaza ta tsaya wuri ɗaya tana gyangyaɗi da rana tsaka, ta saki fukafukai har ƙasa, kashinta ya koma ruwa, kore-kore. Wata ta riƙa buɗe baki tana neman numfashi. Wadda ta daɗe kuwa wuyanta ya murɗe, ta riƙa kallon sama tana tafiya da baya. Katanga ɗaya ce tsakanina da gidan, kuma katangar dangar kara ce.

A wajenmu in ciwon kaji ya shigo unguwa ba a jira. Mace ta duba kajinta, waɗanda idonsu ke tsaye ta zuba su a kwando ta kai su daji, gona ko wata tunga, su zauna can har abin ya wuce. Gudun ciwo muke ce masa. Haka Inna ta ga uwarta na yi, haka na ga mata na yi. Mun ɗauka ciwon a iskar gari yake zaune kamar hayaƙi, in ka fita daga cikinsa ka tsira. Ba wadda ta taɓa gaya mini ana iya ɗaukar sa a kwando. Na duba nawa ɗaya bayan ɗaya, duk garau, suna ta tono. Na aro jaki, na ɗaura kwanduna biyu, na kama hanyar gona ina yaba wa kaina saurin dabara.

Baba ya hango ni tun daga nesa, ya taso ya tare ni kafin in kai bukka. Ya leƙa kwando, ya ɗago.

"Uwata, ki maida su. Kwana goma kaɗai nike roƙo."

Shi ma ba ciwo yake tsoro ba, wannan in faɗa don kada a ce ya hango abin da ban hango ba. Tsoronsa kada gauraka ya ga kaji ya tuna gida, aikin wata biyu ya rushe. Na ce masa in na mai da su gari kwana goman nan ko gashinsu ba zan tarar ba. Ya ce in kai su gonar wani. Na ce gonar wa, ina da gonar ubana? Ya ce ko can bayan tudu. Na ce can wa zai tsare mini su daga dila? Raina ya riga ya ɓaci, rana ta dake ni, jakin ma ya ba ni wuya a hanya. Sai na faɗi abin da har yau in na tuna nake jin kunyar kaina.

"Baba, shekara shida kana neman ma tsuntsu aure, kai ko mai dama maka fura ba ka da ita sai ni. Yau ni ce ba ni da wuri a gonarka?"

Ya zagaya ya kwance igiyar, ya sauke mini kwandunan da hannunsa.

Tabkin lokacin ya janye, bai fi faɗin masussuka biyu ba, kuma inuwa ɗaya ce a wurin, wata bagaruwa a bakin ruwa. Nan na saki kajin, nan na watsa musu tsaki. Suka sha ruwa, suka yi tono, suka yi kashi, abin da kaji ke yi. Na yanke shawarar in riƙa wuni a can ina tsaron su, da la'asar mu mai da su kwando in koma gari.

Abin da Baba ke tsoro bai faru ba. Washegari namu ya hango kajin daga tsallaken ruwa, ya miƙa wuya, ya taho. Amma bai taho shi kaɗai ba. Yana tafe yana waiwaye, ita tana biye, taku ɗaya ta tsaya, taku biyu ta tsaya, har ya kawo ta tsakiyar kajin. Ya duƙa ya ci tsaki, ita ma ta duƙa. Baba ya ce ai gaida dangi ya kawo ta. Ya yi dariya har da riƙe ciki, rabon da in ji dariyarsa irin wannan tun Inna na da rai. Kafin azahar sauran huɗun ma sun matso. Na ce masa ka gani ko, albarkacin kaza ƙadangare ke shan ruwan kasko. Ya ce na yi gaskiya. Ranar na koma gida ina jin ba mai hankali kamata a Dakoro.

Rana ta uku wata baƙar kaza ta ƙi fitowa daga kwando. Da na fito da ita ta tsaya inda na ajiye ta, ta lumshe ido. Na ce gajiyar hanya ce. Da hantsi ta saki fukafukai. Baba ya ɗauko wuƙa ya yanka ta kafin ta zama mushe, na fige ta, na wanke kayan cikin a bakin tabki, don nan ruwa yake. Kwana biyu ya yanka mini biyar. Muka ci kaza har muka daina son warinta. Na jiƙa barkono, na jiƙa kanwa, na samo ɓawon maɗaci, duk na ɗura musu. Sauran ba su jira wuƙa ba. Cikin mako guda kwandunan nan biyu ba komai a ciki sai gashi. Na zauna gindin bagaruwa na yi kuka, kukan kajina kawai, don har lokacin ban ga abin da na yi ba.

Baba ne ya fara gani. Wasu Fulani suka kawo shanu shan ruwa, gauraki suka tashi kamar kullum, ɗaya bai tashi ba. Yana tsaye a cikin laka, fukafukansa sun sauka, saniya ta wuce dab da shi bai motsa ba. Baba ya daɗe yana kallon sa. Sannan ya dubi wurin da nake wanke kayan ciki, ya mai da idonsa ƙasa. Bai dube ni ba, kuma da ya dube ni da ya fi mini sauƙi.

Wannan ya mutu washegari, matarsa ta bi shi bayan kwana biyu, sannan ɗaya daga cikin ɗayan biyun. Ita wadda namu ke nema ce ta fi daɗewa. Tata ba ta zo da gyangyaɗi ba, wuya ta kama. Na iso wata safiya na tarar wuyan nan mai tsawo ya murɗe, tuntunta na shafar laka, idonta ɗaya na kallon sama, tana ja da baya tana zagaya wuri ɗaya. Namu na tsaye kusa da ita, lafiyarsa lau. Ya tsinko ciyawa ya jefa sama. Ya buɗe fukafukai ya yi tsalle. Yanzu ya iya, ko tangaɗi ba ya yi. Baba ya shiga lakar ya rungume ta, ya ce in kawo ruwan barkonon. Shekara tara rabon da ya taɓa gaurakan daji da hannunsa, amma hannun bai manta inda ake riƙewa ba. Na ɗura mata, ya zubo ta gefen baki. Ta kai la'asar. Na biyar ɗin ya ƙara kwana ɗaya, ya tashi shi kaɗai ya yi kudu, ban san abin da ya same shi ba.

A makon ne masu yi wa shanu allura suka sauka a wata rijiya kusa da mu. Baba ya sa gawar macen a buhu ya saɓa, na bi shi ba tare da ya ce in zo ba. Likitan dabbobin saurayi ne, da gajeren wando da littafi a aljihu, amma yana da ladabi. Ya bar layin shanu ya tsuguna ya buɗe buhun. Ya duba wuyan, ya buɗe bakin, ya tambayi yadda sauran suka yi. Sannan ya ɗago.

"Baba, akwai kaji da suka sha ruwan tabkin nan?"

"Kowa na shan ruwan tabki, likita."

Na gane rufa mini asiri yake yi, sai abin ya fi ƙarfina. Na ce ni na kawo su, goma sha huɗu, daga unguwar da ciwo ya shiga, amma da lafiyarsu na kawo su, na duba. Likitan bai yi mini faɗa ba. Ya ce kaza takan ɗauki ciwon kwanaki tana yawo da shi idonta garau. Ya ce ba iska ba ce kawai, kuma ba tsutsa ba ce, wani abu ne da ido ba ya gani, yana bin kashi da majina da ruwan sha, yana bin kwando da tafin ƙafar mai kaji. Ba ya tambayar ko tsuntsu na gida ne ko na daji. Wani lokaci na daji ke kawo wa na gida, wani lokaci na gida ke kai musu. Ya ce ba zai rantse ba sai an aika da gawar babban birni an duba, shi kuwa ba shi da hanyar aikawa, amma wuyan nan ya san shi. Magani babu in ya riga ya kama. Akwai na rigakafi, sai dai ƙanƙara yake so, shi kuma abin da ke akwatinsa na shanu ne. Baba ya tambaye shi don me nasa bai kamu ba. Da likitan ya ji gaurakan ya taɓa kwanciya yana ƙarami ya tashi, ya ce to shi ke nan, wanda ya ci ciwon ya tashi ba kasafai yake sake kamuwa ba. Ashe ba barkonon Inna ba ne. Ya ce mu haƙa rami mai zurfi mu rufe su, kada mu bar wa ungulu.

Baba ya haƙa ramin a bayan bukka, bai yarda na taya shi ba. Ni na ƙone kwandunan.

Da labari ya isa gari sai ya juye. Aka ce tsuntsayen dajin tsohon nan ne suka kawo ciwon da ya kashe kajin unguwa. Na ji shi a bakin rijiya. Na ajiye tuluna na gaya musu yadda aka yi tun daga zakaran araha har zuwa jakin da na aro, da ƙarfi, yadda na nesa ma za su ji. Maƙwabciyata ta yi wata biyu ba ta gaishe ni ba. Na yi ta faɗa duk inda aka tayar da zancen, har aka gaji aka daina tayarwa. Bai rage mini komai ba. Gauraki kuwa ba su sauka a tabkin nan da damina ta zagayo ba, ko ta bayanta. Na san ba kajina kaɗai suka ƙarar da su a ƙasar nan ba, an daɗe ana ɗiba kafin a haife ni. Amma biyar ɗin da suka rage mana, ni na kai musu.

Baba bai bar gona nan da nan ba. Ya zauna har ruwan ya ƙafe, laka ta tsattsage. Kowace asuba, in ji shi, gauraka ya je bakin tabki ya yi kukan nan nasa, ya karkata kai ya saurara. Ina kai fura, muna gaisawa, ba ya tayar da zancen, ni kuma duk faɗan bakina na kasa. Ranar da ba sauran abin sha ya naɗe tabarmarsa. Muka kamo hanya mu uku, shi a gaba, gauraka a tsakiya, ni a baya da kayan bukka a kai. Masu zaman bakin hanya suna nan inda muka bar su. Suka ce sannu da zuwa, malam, ya hanya. Ba wanda ya ce gwauraye. Na so a ce sun faɗa.

Muka shiga gida ana kiran magariba. Na sauke kayan, na durƙusa a gabansa na ce ya yafe mini, kajin da kuma maganar da na faɗa masa. Ya ce in tashi, uwa ba ta durƙusa wa ɗanta. Ya ɗauki buta, sai kuma ya tsaya da ita a hannu. Na bi idonsa. Gauraka ne ya ratsa tsakar gida ya nufi tsohon akurkin Inna, wanda ba kowa a ciki. Ya duƙa ya sa kansa, ya tsaya a haka, sauran jikin duk a waje.

Baba ya daɗe yana kallo.

"Uwata, in ciwon ya wuce ki sayo mashi kaza ko guda. Ya samu wadda zai bi."

Na jira har aka yi wata biyu ba a ji mutuwar kaza a gari ba. Sannan na je kasuwa na zaɓo ja.